Daga Zariya zuwa Ƙofar Wambai neman kambas

Da sanyin safiya muka bar Zariya, ni da ƙanena da ya samu aikin koyarwa a firamare, yana neman takalmin da zai riƙa sawa kullum. Muka wuce Tashar Yari da Kwanar Dangora, gonakin shinkafar Kura sun yi kore shar, hantsi bai gama ɗagawa ba muna cikin Kano.

A layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai takalma ne tsibi-tsibi a kan buhuna. Idon ƙanena ya faɗa kan wani kambas mai dogon wuya. Dattijon da ke sayarwa ya girgiza kai, ya ce, "Samari, sau nawa za ka kwance igiyar nan a wuni? Ga alwala, ga masallaci, ga shiga ɗakin mutane." Gaskiya ya faɗa. Dogon wuya na filin wasa ne. Don ƙwallon kwando kamfanin Converse ya fitar da All Star a 1917, sai a 1957 ya kawo mai gajeren wuya, wanda ke tsayawa ƙasan idon sawu. Shi ne ya dace da mai cire takalmi a kai a kai, kuma ƙafa ta fi shan iska a cikinsa lokacin bazara.

Baban ya zaunar da mu a benci ya nuna mana yadda ake dubawa. Ya lanƙwasa tafin: na kirki a wajen yatsu yake lanƙwasuwa, wanda ya naɗe ta tsakiya kuwa zai gajiyar da ƙafa. Ya juya diddigen ko ya cinye ta gefe guda, ya bi bakin tafin da farce ko gam ya fara saki. Ya sa ƙanena ya saka safa, ya bar faɗin babban yatsa a gaba, domin ƙafa takan ɗan kumbura idan an wuni a tsaye.

Wani farin Adidas Stan Smith ya so ya ruɗe mu, amma ƙurar hunturu ba ta barin farin takalmi. Muka ɗauki ruwan toka na fata, wanda tsumma kaɗai ke gogewa. Na yadi yakan sha ruwa da damina.

Bayan la'asar muka kama hanyar gida. Mai karatu, idan kambas ɗin yau da kullum kake nema, ka je da safarka, ka gwada ƙafa biyu, ka ɗan taka kafin ka biya.