Mushe a Bakin Tabkin Madarunfa

Mutumin Gazawa bai san kifi da rai ba sai kaɗan. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta bi ta Agye ta nufi Tasawa, ƙasa ce ta gero da gyaɗa, kuma ruwan da damina ke tarawa a tabkuna yakan ƙafe tun kafin bazara ta kankama. Malamin makarantar da za a ba da labarinsa a nan, kifin da ya sani yana yaro bai wuce busasshe na kasuwa ba, sai kuwa gaiwa, wadda ake tonowa daga busasshen taɓo tana naɗe cikin kwanson majinarta, ta yi watanni tana shaƙar iska ta ƴar kafa. Da manya suka ce masa jikinta take ci kafin ruwa ya dawo, ya ɗauka tatsuniya ce. Sai da ya yi karatu ya tarar gaskiya suka faɗa.

Ya shekara ashirin da alli a hannu kafin aiki ya kai shi Madarunfa, kudu da Maraɗi. Tabkin garin sananne ne, ga kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa, har Nijar ta miƙa wurin ga UNESCO a 2006 cikin jerin abubuwan da take fatan a sa su gadon duniya, a 2019 kuma aka sanya shi cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Shi dai mushe ba wannan ne ya ja shi bakin ruwa ba. Kaɗaici ne, don iyalinsa suna Gazawa, ranakun da babu lakkwal kuwa suna da tsawo.

A can ya ga wani dattijo masunci zaune cikin inuwa, yana ɗaure ƙugiya. Bayan gaisuwa ya ce, “Baba, so nake ku koya mini fatsa.” Dattijon ya dube shi tun daga takalmi har hula, ya ce, “Mushe, ai ku ne masu koyarwa.” Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abokan aikin mushe kuwa dariya suka yi, domin su sana'ar gado ce, kuma a ganinsu wanda yara ke miƙewa tsaye idan ya shiga aji bai kamata a gan shi da wando a naɗe yana tonon tana ba. Maganar ta dame shi fiye da yadda ya nuna. Duk da haka ya koma.

Safiya uku ya yi bai taɓa sanda ba. Dattijon ya zaunar da shi ya ce ya dubi ruwa, ya faɗi abin da ya gani. Ya ce ruwa ya gani da ciyawa. Aka ƙyale shi. A rana ta uku ne idonsa ya fara rarrabe abubuwa: ƙananan kumfa da ke tasowa a jere inda tarwaɗa ke tonon laka, ƴan ramuka masu faɗin faifai a rairayin gefe inda namijin karfasa ya share wa mace wurin ƙwai, da wata ƴar da'ira da kan buɗe a saman ruwa idan kifi ya ɗauki ƙwaro. Sannan aka nuna masa inda zai tsaya don kada inuwarsa ta faɗa gabansa, aka kuma hana shi taka ƙasa da ƙarfi. Kifi na ganinka mai jar koma, ashe ba karin magana ce kurum ba.

Da aka ba shi sandar sai wahala ta soma. Guntun kara ne ke yawo a kan ruwa a matsayin alama, kuma kowane kifi da irin taɓawarsa. Karfasa tsattsaga take yi, karan ya riƙa rawa, wanda ya fizga da wuri ya tashi da ƙugiya tsirara. Tarwaɗa kuwa a ƙasa take kiwo, ta fi son duhu, da gashin bakinta take laluben abinci, idan ta ɗauka sai karan ya nutse gaba ɗaya. Mushe ya yi ta fizga kamar mai zare bulala. Dattijon bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Yakan sa hannu ne a kan wuyan hannunsa, ya riƙe, har lokacin ya yi, sannan ya saki. Mutumin da ya saba jan layi da jan biro a ƙarƙashin kuskuren yaro ya rasa yadda zai ɗauki wannan gyara marar magana, har wani lokaci ya ji gara a zage shi. Ranar da kurungu ya soke shi da ƙaya a tafin hannu ne kaɗai dattijon ya yi dariya, ya nuna masa yadda ake kama shi ta bayan ƙayoyin, waɗanda kan ƙage idan ya miƙe su.

Da ruwan farko ya sauka, gina ta tashi da maraice ta zubo kan tabki, kifi ya taso sama. Dattijon ya cire dalma daga zare, ya soka gina guda a ƙaramar ƙugiya, ya ajiye ta a kan ruwa a hankali yadda za ta yi yawo kamar ƴan uwanta. A nan mushe ya samu abin faɗa. Ya ba shi labarin wani kifin ruwan sanyi na ƙoramun Turai da Amurka mai suna turawut, wanda ba zai rayu a zafin Madarunfa ba, da yadda masu kama shi suke ɗaura gashin tsuntsu da zare a ƙugiya su ƙera ƙwaron ƙarya, su jefa shi da nauyin igiyar kanta. Dabarar tsohuwa ce: wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana ta wajen shekara ta 200 miladiyya, inda ya ce mutanen Makidoniya na amfani da jan ulu da gashin zakara, a Ingila kuma littafin Izaak Walton kan kamun kifi ya fito tun 1653. Dattijon ya saurara sarai. Abin da ya tambaya shi ne ko su ma sai sun zauna sun ga irin ƙwaron da kifin ke ci a ranar. Mushe ya ce haka ne. Ya ce, “To, masunta ne.” Amma da ya ji yawancinsu suna mayar da kifin ruwa bayan sun kama, sai ya girgiza kai, ya ce wannan wasan ƙosassu ne.

Shi ma yakan mayar, sai dai da dalili. Wata safiya suka iske samari sun ja raga mai ƙananan idanu, irin ta gidan sauro, sun zube abin da suka samu a gaɓa, yawancinsa bai kai tsawon yatsa ba. Dattijon ya tsinci wata karfasa da ke sauran numfashi, ya buɗe bakinta ya nuna wa mushe: cike yake da ƙwai rawaya. Uwar a baki take renon ƴaƴanta, kuma muddin tana renon ba ta cin abinci, shi ya sa fatsa ba ta kama ta, raga kuwa ba ta tambaya. Ya saya daga hannun samarin, ya sake ta cikin ciyawa. A hanyar komawa ya ce ƴaƴansa maza duk sun tafi ci-rani, babu wanda ya tsaya ya koyi wannan.

Ran Litinin mushe ya shiga aji da tabon kurungu a hannu. Wani yaro ɗan masunta, wanda kullum ke zaune a bencin baya ba ya cewa uffan, ya dubi hannun ya ce, “Mushe, ta gaba kuka kama shi.” Ajin ya yi tsit, ana jiran bulala. Mushe ya miƙa masa alli, ya ce ya zo allo ya zana wa ƴan uwansa inda ƙayoyin suke.