Mai zane a kan buhu

Yara, akwai wani mai zane da nake so ku sani. Sunansa Armando Reberon, mutumin ƙasar Benezuwela, a Amurka ta Kudu. An haife shi a Karakas a 1889. A 1921 ya koma Makuto, a bakin teku, ya gina bukka. Nan ya zauna yana zana teku da itatuwan kwakwa da fentin mai. Ya rasu a 1954.

Reberon ba mai kuɗi ba ne. Sau da yawa a kan buhun garara yake zane, kuma da hannunsa yake haɗa burushi. Ya lura rana mai ƙarfi tana cinye launi, sai ya riƙa aiki da farin fenti. Inda yake son inuwa, sai ya bar buhun yadda yake.

Ni ma na duba a nan da azahar, cikin bazara. Rairayi da itatuwa duk sun yi fari-fari. Gaskiyarsa ce.

Shi ya sa ba na yarda in yaro ya ce mini ba ya da kayan zane. Gawayi da takardar siminti sun isa a fara. Amma ku dubi abu da kyau tukuna, kamar yadda ya yi.