Ni Da Ɗana Da Alkafura

Ranar wata Asabar da la'asar na komo daga ofis, na tarar da ɗana mai shekara 9 zaune a tsakar gida, ya riƙe wuyan hannunsa na hagu yana kuka, uwarsa tana ta faɗa. Da na tambayi dalili sai aka ce alkafura ya yi a kan siminti, wai yana kwaikwayon wani gwanin faɗa da ya gani a talabijin. Muka garzaya asibiti aka ɗauki hoton hannun, Allah ya taƙaita, targaɗe ne ba karaya ba. A hanyar komowa na kafa masa doka, na ce kada in sake ganin ƙafafunsa a sama. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ai kai ma ka ce kuna yi a kan yashi kuna yara."

Gaskiya ya faɗa, amma ban amsa masa ba. Bayan mako uku da kwance ɗaurin hannun, na leƙa ta taga na hango shi a bayan gida yana yi a ɓoye, nan ma a kan siminti. A nan na gane dokata ba ta hana kome ba, iyaka ta mai da abin inda idona ba ya kaiwa. Don haka na nemi wani ɗakin motsa jiki a nan Ikko inda ake koyar da wasan faɗa na ƙasar Barazil da ake kira kapuwera, na kai shi.

Mai karatu zai so sanin asalin wannan wasa. Bayin da aka kwasa daga Afirka da zuriyarsu su ne suka raya shi a Barazil, faɗa ne da aka lulluɓe da rawa da kiɗa. An hana bauta a ƙasar a 1888, a 1890 kuma doka ta mai da wasan laifi. Wani gwani da ake kira Mestre Bimba ya buɗe makarantarsa a birnin Salbado na jihar Bahiya a 1932, hukuma ta amince da ita a 1937, sa'an nan a 2014 UNESCO ta sa da'irar wasan cikin kayan gadon 'yan Adam. Wannan Bahiya ita ce inda bayi Musulmi, akasarinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi tawaye a 1835. A wurin 'yan kapuwera sunan alkafurar gefe "au", kuma tana cikin abubuwan farko da ake koya wa almajiri.

Malamin saurayi ne da na girme shi, ɗan Agege, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Da ya ga ina tsaye ina ba da umarni daga gefe sai ya ce, "Yallaɓai, ko za ka gwada mana irin taku ta da?" Girman kai ya ɗebe ni, na tuɓe takalmi na afka. Gwiwar hannuna ta lanƙwashe, na zube a kan tabarmar roba kamar buhun gero, yara suna ƙunshe dariya. Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Bayan na huce ya zaunar da ni ya warware mini abin dalla-dalla. Alkafura ƙidaya huɗu ce: hannu, hannu, ƙafa, ƙafa, kowanne yana sauka bayan ɗan'uwansa a kan layi ɗaya, kamar yadda ƙafar keke ke juyawa. Mutum zai tura ƙafa ɗaya gaba, ya sa tafin hannun wannan ɓangare a ƙasa, ya wurga ƙafar baya sama, ita ce mai jan sauran jiki. Yatsu a buɗe don su raba nauyi, gwiwar hannu a miƙe, kafaɗa tana tunkuɗe ƙasa. Kuskurena shi ne na faɗa a kan hannu maimakon in ɗora nauyina a kansa. Kuskuren ɗana kuwa, bai ɗumama wuyan hannu ba, ga shi a kan ƙasa mai tauri. Mai koyo ba ya farawa da ɗaga ƙafafu sama. Yakan dafa ƙasa ya tsallake da ƙafafu kusa da ita, a hankali yana ƙara tsawo, kuma dole ya iya ta dama da ta hagu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar ido. Ɗan wasan tsalle-tsalle yana duban hannuwansa, domin burinsa kyan tsari. Ɗan kapuwera kuwa yana kawo haɓarsa kusa da ƙirji, yana kallon abokin karawarsa ko da kansa na ƙasa, domin wanda ya buɗe ciki ya kau da ido, za a soka masa kai a ciki ko a share masa hannu. Shi ya sa suke da wata iri da ake naɗe ƙafafu a kare ciki da gwiwoyi.

Na ce masa, "To Malam, a faɗan gaske wannan tana da amfani?" Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce a wasansu hanya ce ta kuɓuta daga sharar ƙafa da canza wuri cikin sauri. Akwai kuma gwanaye da suka ci moriyarta a fage, kamar Saenchai na ƙasar Tailan, wanda ya shahara da dafa ƙasa ya kai shuri, da Kazushi Sakuraba na Japan, wanda yakan tsallake ƙafafun abokin kokawa da ke kwance da ita. Amma waɗannan sun shekara da shekaru suna horo. A damben gargajiya namu kuwa, hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, don haka ba ta da gurbi. Kuma wanda ya ce zai yi ta a gaban ɗan fashi ya sayar da ransa da araha.

Babban amfaninta, in ji shi, a ɗakin horo yake. Tana ƙarfafa kafaɗa da wuyan hannu da ciki, tana koya wa mutum sanin inda yake sa'ad da duniya ta juye masa, kuma tana cire tsoron ƙasa. Mai tsoron faɗuwa yakan sandare, wanda ya sandare kuwa shi ya fi jin ciwo.

Wata huɗu ke nan muna zuwa tare kowace Asabar. Ɗana yana yi ta ɓangarorin biyu, idonsa a kan malaminsa. Ni kuwa ta dama kaɗai na iya, ita ma ƙafafuna ba su gama miƙewa ba, amma gemu ba ya hana ilimi. Dokar da na kafa a hanyar asibiti na janye ta, na sa wata a madadinta: ba a kan siminti ba, ba kafin a ɗumama hannu ba, ba kuma a ɓoye ba. Wannan kam ya kiyaye ta.

Iyaye 'yan'uwana, yaranmu za su ci gaba da kallon waɗannan finafinai, za su kuma gwada abin da suka gani ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu nema musu malami da wuri mai laushi tun kafin asibiti ta neme mu. Allah ya tsare mana su, amin.