Ƙofar Ruwa da Ƙofar Ofis

Wanda ya bi hanyar Zariya daga birnin Kano da rani, bai yi nisa ba zai ga ƙasa ta sāke kama. Inda ya saba ganin ƙura da karan dawa, sai ya ga shinkafa da alkama da tumatir da albasa kore shar, har iyakar ganin ido. Wannan ita ce ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwan da ya raya ta daga madatsar Tiga ya ke fitowa, wadda aka gama ginawa a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ita ke lura da shi. Daga babbar hanyar ruwa ya kan rabu zuwa ƙanana, ko wace da ƙofarta, har ya kai bakin gonar mutum.

Manomin wannan wuri mutum ne mai lissafi, domin sana'arsa ta tilasta masa. Ya san ranar da a ke buɗe ƙofar ruwan sashensu, ya san buhun taki nawa ya zuba, ya kuma san kwando nawa ya kai kasuwar Kwanar Gafan. In ruwa bai iso ba, ba ya zama yana zato. Ya kan bi hanyar ruwan da ƙafa har ya ga inda ciyawa ta toshe, ko inda wani na gaba ya tare. To, a 2020 wani abu ya toshe wanda ba shi da hanyar da za a bi da ƙafa a duba, watau awon cutar korona.

Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka sami mutum na farko mai wannan cuta a Nijeriya, a Legas. Ran 11 ga Afrilu aka sami na farko a Kano. Bayan kwana biyar Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya hana fita, ran 27 ga watan kuma Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu a kai. Abin ya zo daidai da kamawar azumi da ƙarshen kakar tumatir. Kayan gwari kuwa ba ya jiran kowa. Manomi ya haƙura da hasara domin an gaya masa akwai annoba, amma hanya ɗaya ce tak ta sanin ko annobar ta shigo garinsu ko ba ta shigo ba, ita ce awo.

Ya kamata mai karatu ya san yadda a ke awon nan, don ya gane inda ya kan tsaya. Da farko ma'aikacin lafiya ya kan sa rigar kariya da safar hannu da abin rufe fuska. Sa'an nan ya zura wani siririn tsinke mai auduga cikin hancin mutum ko maƙogwaronsa, ya lakato majina, ya jefa cikin 'yar kwalba mai wani ruwa na musamman. A kan sa kwalbar cikin akwatin sanyi a kai ta ɗakin awo. Can a kan zuba waɗansu magunguna masu fito da asalin ƙwayar cutar daga cikin majinar, kana a sa cikin na'ura mai riɓanya ta har ta isa a gani. Yawancin kayan nan daga ƙasashen waje a ke sayo su, a lokacin kuwa duniya duka tana rububinsu. In ɗaya ya ƙare, sauran ba su da amfani, kamar yadda ƙofa guda in ta rufe, duk gonakin da ke bayanta su kan bushe ko da Tiga ta cika maƙil.

Babu ɗakin awo a Kura, babu a Bunkure. Sa'ad da cutar ta ɓulla, ɗaya ne ke aiki a jihar duka, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A cikin mako na huɗu na Afrilu shi ma ya tsaya na waɗansu kwanaki. Aka ji dalili iri biyu daga bakin hukuma: an ce magungunan awo sun ƙare, an kuma ce waɗansu ma'aikatan wurin sun kamu, dole a yi feshi. A kwanakin nan ne kuma shugaban Hukumar Yaƙi da Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, wadda a ke kira NCDC, Dakta Chikwe Ihekweazu, ya fito fili ya ce suna neman magungunan fito da ƙwayar cutar ruwa a jallo. Daga baya aka buɗe wani ɗakin awo a Jami'ar Bayero, Gidauniyar Ɗangote kuma ta kawo wani.

Amma lokacin da awo ya tsaya, mutuwa ba ta tsaya ba. Masu haƙar kabari a cikin birni suka ce aikinsu ya ƙaru ƙwarai, dattawa da manyan malamai suka yi ta rasuwa bi da bi. Gwamnatin Jiha ta fara cewa hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ba da sakamakon bincike, cewa mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 kuwa mai yiwuwa korona ce sanadinsu. Ba da awo aka sami wannan lissafi ba, an bi gida gida ne ana tambayar iyalai yadda mamaci ya yi jiyya. Kura da Bunkure kuwa ba su cikin takwas ɗin nan.

To, ga mutumin Kadawa ko Ɗan Hassan yana zaune, an rufe masa kasuwa da masallaci, rediyo na karanta masa yawan waɗanda suka kamu kowane dare. Ba a gaya masa mutum nawa aka auna a ƙasarsu ba. In an ce ba a sami kowa ba a wani gari, wannan magana tana da fuska biyu: ko an auna ba a samu ba, ko kuwa ba a auna ba sam. Da ya ke bai ga lissafi ba, sai ya cike gurbin da abin da ya ji a bakin kasuwa. Wani ya ce cutar masu kuɗi ce, wani ya ce ƙarya ce aka shirya don a ci kuɗi. Ba wauta ce ta kawo wannan ba. Mutumin da ya saba ƙirga kwandunansa ba ya yarda da jimlar da ba a nuna masa yadda aka haɗa ta ba.

Ƙasar Kano kuwa ta taɓa ɗanɗana abin da ɓoye takarda ke jawowa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani mai suna Trovan, gwajin ya shafi yara 200 a Asibitin Zana, 11 suka mutu. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti, ya gama rahotonsa a 2001, amma jama'a ba su ga abin da ke ciki ba sai a 2006, sa'ad da wata jaridar Amurka ta same shi ta buga. Tsakanin shekarun nan ne, a 2003, aka dakatar da allurar shan inna a Kano har kusan shekara guda, labarin Trovan kuwa yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su. Cutar ta sāke bazuwa, yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka shanye.

Abin da ya kamata a sani shi ne, aikin Gwamnati ba ya tafiya sai da rubutu. Ko wane sito yana da littafi. In kaya sun shigo, mai sito ya rubuta rana da adadi da wanda ya kawo. In sun fita, ya rubuta inda aka kai da wanda ya sa hannu. Ɗakin awo yana rubuta kwalba nawa ta iso daga ko wace ƙaramar hukuma, da ranar da amsa ta fito. Akawun kuɗi yana da takardar abin da aka saya da wanda aka ba kwangila. Da kuɗin jama'a aka sayi kayan, da kuɗinsu a ke biyan mai rubutun, saboda haka littattafan nan dukiyar jama'a ne, ma'aikaci ajiya aka ba shi.

A dā ma'aikaci ya kan fake da dokar asirin Gwamnati ta 1962. Amma ran 28 ga Mayu, 2011, Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayani, wadda ta hau kan waccan. Dokar ta ce kowa yana da ikon neman takardar da ke hannun ofishin Gwamnati, ba sai ya faɗi abin da zai yi da ita ba. Ofis yana da kwana 7 ya ba da amsa, a kan iya ƙara masa waɗansu 7 in takardun suna da yawa. In ya ƙi, wajibi ne ya rubuta dalili, ya nuna sashen dokar da ya dogara da shi, mai nema kuwa yana da kwana 30 ya kai ƙara. Wanda aka kama ya hana ba bisa ƙa'ida ba, tararsa naira 500,000. Wanda ya lalata takarda ko ya sāke abin da ke ciki da gangan, ɗaurinsa ba ya gaza shekara guda. Ba a biyan kome sai kuɗin kwafi. Dokar ba ta manta da wanda bai iya rubutu ba, ta yarda wani ya rubuta a madadinsa.

An daɗe ana jayayya ko dokar ta hau kan jihohi. NCDC da Asibitin Malam Aminu Kano na Tarayya ne, ba gardama a kansu, amma Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da asibitocin karkara fa? Amsar ta fito daga wata shari'a ta Jihar Edo, ita ma a kan sha'anin lafiya. Waɗansu mutane sun nemi takardun kuɗin hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jihar, aka hana su. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan hukumar a 2018, amma a Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci, ta ce dokar ta hau kan Tarayya da jihohi baki ɗaya.

Akwai iyaka, iyakar kuwa mai kyau ce. Ba za a ba kowa sunan mara lafiya ba, ko abin da likita ya gani a jikinsa, domin wannan asirin mai shi ne. Maƙwabci ba shi da ikon sanin wanda ya kamu a unguwarsu ta wannan hanya. Adadi da rana da kuɗi su ne na kowa.

Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci, ya iya rubuta wasiƙa, ya riga ya mallaki abin da a ke bukata. Sai ya sa kwanan wata, ya rubuta wa shugaban ofishin, ya ambaci dokar 2011, kana ya jera tambayoyinsa gajeru a fili. Misali, kayan ɗaukar majina nawa aka aika Ƙaramar Hukumar Bunkure daga Afrilu zuwa Yuni na 2020? Mutum nawa aka auna daga Kura? Kwana nawa amsa ta kan yi kafin ta dawo? Ya yi kwafi biyu, ya miƙa ɗaya, ya roƙi akawu ya buga hatimi da rana a kan ɗayar, ya adana ta, domin daga wannan rana a ke fara ƙirga kwana 7. Ya fi ƙarfi in ƙungiya ce ta rubuta, kamar ta masu amfani da ruwa ko ta masu casar shinkafa, don ofis ba ya saurin wofinta takardar da ke ɗauke da hannu da yawa.

Wani zai ce abin ya wuce, me za a tona? Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke dokar ta-ɓaci a kan korona a Mayu 2023. Amma kafin wannan lokaci, tun ƙarshen 2022, mashaƙo ya ɓarke, Kano ce kuma ta fi ko wace jiha yawan waɗanda suka kamu. Shi ma sai da awo a ke tabbatar da shi. In littafin 2020 ya nuna tsinken auduga ne ya fara ƙarewa, sai a tanadi tsinke. In ya nuna kaya sun iso birni amma ba su fita karkara ba, sai a gyara rabo. In kuwa ya nuna ma'aikata sun yi iyakar ƙoƙarinsu da ɗan abin da ke hannunsu, to, an wanke su daga zargin da suka daɗe suna ɗauka, waɗansunsu kuwa har lafiyarsu suka sa a ciki. Ma'aikaci mai gaskiya ya fi kowa cin ribar buɗe littafi.

Ofishin da bai taɓa samun mai tambaya ba ya kan yi sakaci da rubutu, wata rana ma a nemi littafin a tarar gara ta ci. Wanda ya san za a zo a duba, shi ne ke cika ko wane layi da kyau. Saboda haka wasiƙar da aka rubuta bana daga Kura ko Bunkure ba lissafin 2020 kaɗai za ta fito da shi ba, za ta sa mai sito ya kula da littafin da ke gabansa yau.