Akwatin Ladan

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ina yaron shago a lokacin, wurin wani mai gyaran rediyo a Ƙanƙara. Sunan gyaran rediyo ne kawai ya rage mana, caji da sauya gilashin waya su ke ciyar da mu. Da waya ta koma tocila, sai ga tsofaffin rediyoyi suna fitowa daga ƙarƙashin gado, kowa yana son jin BBC da Rediyon Kaduna. Maigidana, wanda ya daɗe yana zaman hamma, ya dawo sarki.

Cikin wannan hali wani ladan ya iso daga wani ƙauye na ƙasar Faskari. An hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sai da ya zagayo ta Funtuwa. Ya kwance buhu ya fito da akwatin ƙarfe mai nauyi, wanda ke karɓar wutar gari ya mayar da ita bolt 12 don amfilifayar masallaci. Ya ce kiran salla ya koma gurnani, muryarsa ba ta wuce bakin kasuwa. Ga shi babu waya, sanarwar jana'iza da ta tsaro duk ta lasifikar nan ake yi. Wani ɗan'uwansa ya riga ya kai akwatin Sabuwa, an sauya rigileta mai ƙafa uku, 7812, har sau biyu.

Oga ya sa na tada janareta. An hana sayar da fetur a jarka, don haka ba ma kunna shi sai da dalili. Ya ɗora mita a bakin fitar wuta, ta nuna 12 cif.

"To ai lafiyarsa ƙalau ke nan," in ji ladan.

"Bari mu ɗora masa kaya tukuna, Malam."

Ya jona ƙwan sigina na babur. Ƙwan ya kama ja-ja, mita ta faɗo ƙasa da 10. Akwati irin wannan, in ba ya ɗauke da komai, ko mara lafiya ne sai ya nuna maka lamba mai kyau, kuma ina zaton nan aka yaudari mai gyaran Sabuwa.

Daga nan Oga ya koma farko, ya biyo wutar gaɓa-gaɓa. Soket yana ba da wajen 220. Taransifoma tana sauke ta zuwa 15 na AC, ba ta da laifi. Bayan dayod huɗu da babbar kafasita ya kamata a ga wajen 20 na DC, kuma an gani, amma da zarar ƙwan ya hau sai ta zube zuwa 11. Ya dube ni ya ce, "Kai, 7812 nawa take so ta ci kafin ta ba ka 12?" Na ce aƙalla 14. Ya ce, "To ina laifinta? Ba a ba ta ba."

Kafasitar mai maikrofarad 2200 ce, an manna ta jikin ƙarfen da ke kwashe zafin rigileta. Kanta ya kumbura, gindinta ya yi wani ɓawo ruwan ƙasa. Zafi ya busar da ruwan cikinta. Aikinta kamar randa ne: wuta tana zuwa guntu-guntu, ita ke tarawa ta riƙa bayarwa a tsakani. Na narkar da dalma na cire ta, muka sa sabuwa mai jure bolt 35, Oga ya lanƙwasa ƙafafunta ya nisanta ta da zafin.

A bakin fitar wuta mita ta haura 11, ladan har ya fara hamdala. Oga bai ce komai ba. Ya jona wata ƙaramar amfilifaya ta shago, ya kara kunne a sifika. Gurnanin ya ragu, amma yana nan, kuma ya ce muryarsa ta yi kauri da yawa. Ni dai ban ji bambanci ba a ranar, sai daga baya kunnena ya koya. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Idan dayod huɗu suna aiki, sau 100 ake cika kafasita. Idan ɗaya ya yanke, sai ya koma 50, ramin da ke tsakani ya ninka. Muka ɗaga ƙafar kowane muka auna. Uku sun nuna wajen 0.6 ta fuska ɗaya, na huɗu shiru ta kowace fuska. Ƙananan 1N4007 ne masu ɗaukar amfiya ɗaya, an daɗe ana ɗora musu abin da ya kai iyakarsu. Oga ya kwashe su duka ya sa 1N5408 masu amfiya uku. Ƙwan ya yi fari tas, mita ta tsaya a 12 ba ta motsi.

Ya gargaɗi ladan da abu ɗaya. Duk ranar da wutar gari ta yi rauni, ta sauko kamar 170, abin da taransifomar za ta bayar ba zai kai 12 ba, gurnani zai dawo, kuma ba lalacewa ba ce. Ranar ya jona batir, kada ya sake biyan kuɗin mota.

Wajen biyan kuɗi ladan ya zaro ƙullin leda daga aljihu, rigileta biyun da aka cire a Sabuwa, ya ce ko za mu zubar. Oga ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, duka lafiya lau. Ya jefa su cikin gwangwanin kayan gyara, ya rage masa kuɗinsu daga ladan aiki.