Tazarar da Ban Bari Ba

Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba. Shi ya sa yawancin ɗalibaina a Dingyadi ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba. Da suka tambaye ni yadda jirage biyu ke wuce juna a kan layi ɗaya, sai na ce mu ƙera namu mu gani.

Muka sami faifan katako, muka yi dogo da waya, taragai da kara da kwali, ƙafafu kuma da marafan kwalba. Na zana layin ratse, inda jirgi ɗaya ke kaucewa ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Don wurin ya ishe ni, na matso da shi dab da babban layi. Wata yarinya ta ɗaga tarago ta ce, "Malam, anya za su wuce? Cikinsa ya fi hanyar faɗi." Na ce mata na riga na auna, na buga ƙusoshi.

Ranar da muka nuna wa sauran azuzuwa, jiragen na haɗuwa a kwana sai gefen wannan ya kama gefen wancan, kara ya tsage, taragai suka kife. Yaran da suka sha wahalar feƙe karan suka yi tsit. Laifin nawa ne: dogon na auna, ban auna abin da zai bi ta kansa ba.

Tsakanin ƙarafan tsohon dogonmu milimita 1,067 ne, amma faɗin tarago ya fi ninki biyun haka. A kwana kuwa, tsakiyar dogon tarago takan faɗa ciki, goshinsa ya leƙa waje, don haka dole tazara ta ƙaru. Masu ƙera ƙananan jirage a Turai da Amurka, a ma'aunin HO mai faɗin milimita 16.5, sukan bar wajen milimita 50 daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar layi, su ƙara a kwana. Kuma layin ratse sai ya fi jirgi tsawo, in ba haka ba wutsiyarsa ta tare hanya.

Washegari na tsaya gaban aji na ce, "Gaskiyarta, ni na yi kuskure." Muka cire ƙusoshi, muka tura tarago mafi tsawo da mafi faɗi kafaɗa da kafaɗa, muka yi alama, sannan muka kafa waya.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, an gaya mini gaskiya a kan lokaci, na ƙi ji don daga bakin yarinya ta fito. Malamin da ke son yara su riƙa lura, wajibi ne ya saurara in sun faɗi abin da suka gani.