Rijiyar Lemo: Shagunan Tura Fim da Dabarar Ajiya

Titin Katsina a Kano ba ya hutawa. Daga Kurna zuwa Bachirawa, 'yan adaidaita sahu da manyan motoci masu nufar kasuwar Dawanau ne ke rububin hanya, Rijiyar Lemo kuwa tana tsakiya tana shan ƙura da ƙarar ham. Sai ka saki kwalta ka kutsa lungu kafin ka ga ƙananan shagunan da suka kawo ni: na masu tura fina-finai a waya.

Shagon bai fi ɗakin soro ba. Benci ɗaya, fanka, kwamfuta a kan tebur, sai igiyoyin caji birjik. Bayan la'asar ake cika. Yaro ya zo da wayar yayarsa, magidanci ya miƙo memori, kowa da buƙatarsa: a sa masa Labarina, ko Izzar So, ko fassarar Indiya, ko wa'azi da karatun Alƙur'ani. Mai shago ya sauke abu sau ɗaya daga intanet, unguwa guda ta ɗauka a wurinsa, ba wanda ya ƙona data.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka raba kayan. Tsofaffin fina-finai suna cikin manyan faya-fayan ajiya masu juyawa, waɗanda ke ɗaukar terabait-terabait amma suna da nawa, domin sai allura ta laluba wurin da fim yake a kan faifai mai zagaye 5,400 ko 7,200 a minti. Sababbin fitowa kuwa, waɗanda kowa ke tambaya a makon, masu wayo kan kwafe su zuwa SSD, ƙaramin ma'aji mai tsada wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Ɗan Kantin Kwari zai gane wannan nan take: atamfar da ake yayi tana gaban shago, diloli suna can sito.

Dabarar nan ce manyan cibiyoyin bayanai ke rayuwa a kanta, irin wadda kamfanin gwamnatin tarayya, Galaxy Backbone, ya gina a Kano, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Bambancin shi ne a irin waɗannan wurare manhaja ce ke yin zaɓen, ba mutum ba. Sabar, wato babbar kwamfutar cibiyar, tana lura da bayanan da aka fi nema, ta ajiye kwafinsu a ma'ajin kusa mai sauri. Idan ya cika, wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba shi ke fara fita. Injiniya kuma yana duba sau nawa aka nemi abu aka same shi a kusa. In adadin ya yi ƙasa, ko ma'ajin ya yi kaɗan, ko an cika shi da abin da ba a nema.

Karanta bayani daga ma'ajin kusa ba shi da haɗari sosai, tunda asalin yana nan a babban faifai. A wajen rubuta sabon bayani ake yin taka-tsantsan. Akwai saitin da sabar ba ta cewa ta adana sai bayanin ya sauka a babban faifai. Yana da jinkiri, amma akwai kwanciyar hankali. Akwai kuma wanda take amsawa tun bayanin yana ma'ajin kusa, ta kai shi ciki daga baya. Wannan ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai in wuta ta ɗauke a tsakani, lissafin banki ko sakamakon jarrabawa na iya salwanta. Shi ya sa ba a kunna shi sai da batirin kariya.

'Yan Rijiyar Lemo sun san wannan ciwo. Kwamfuta kan nuna ta gama turawa alhali saura na hanya. A fizge memori da gaggawa, a je gida fim ya ƙi buɗewa. Don haka ƙwararre ba ya zare igiya sai ya sallami na'urar, kuma inbata da batir suna ƙarƙashin tebur ko da kujera ba ta da kyau.

Kafin ka zaɓi shago a nan, tambayi abu biyu: ina yake ajiye sababbi, kuma ina kwafi na biyu na tsofaffin? Na farko zai rage maka jira a benci. Na biyu shi zai sa ka same shi a buɗe ranar da babban faifansa ya mutu.